Shafi ya ce an biya, asusu bai ga ko dala ba

Wata Hajiya daga Mayahi ta turo mini saƙon murya, da ƙyar take haɗa magana. Turaren wuta take sayarwa da humra da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma yawancin masu sayen kayanta ƴan yankin ne da aure ko aiki ya kai su Yamai, Damagaram da Agadas. Da ta gaji da amsa "wannan nawa ne?" a WhatsApp dare da rana, sai aka buɗe mata shago a WooCommerce. Shago ya karɓu. Saura hanyar biya, don mutanenta ba su da katin banki, ta Airtel Money ko Zamani Cash ko Nita ko Amana suke turo kuɗi. Aka haɗa ta da wani yaro wai ƙwararre, ya ce zai rubuta mata fulogin nata na kanta, jika 15 kacal, gobe ta karɓa.

"Malam, shafi yana cewa an biya, kaya sun tafi, ni kuwa ban ga kuɗi ba. Ko yaran shago ne ke cutata?"

Kafin ta neme ni har ta sallami ɗaya daga cikinsu, maraya, wanda shi ke ɗaure kaya ya kai tasha. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don yaron bai taɓa ko dala ba. Daga baya ta aika a ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma ba zai koma inda aka kira shi ɓarawo a gaban mutane ba.

Ga abin da na tarar. Fulogin ɗin ya ƙara akwati ɗaya a shafin biya, inda mai saye zai rubuta lambar shaidar turin kuɗi. Abin da kod ɗin ke dubawa ɗaya ne tal: akwatin babu komai ko da rubutu? In da rubutu, ko mene ne, sai ya kira payment_complete, oda ta koma cikin waɗanda aka biya, saƙo ya tafi wayar yaron shago cewa a ɗaure kaya. Na rubuta 1234, ya wuce. Na rubuta Tasawa, ya wuce. Ba ya magana da kowane kamfanin kuɗi, ba ya gwada adadin da aka turo da kuɗin oda, ba ya ma duba ko an taɓa amfani da lambar. Mai gadi ne da ke buɗe ƙofa ga duk wanda ya yi sallama.

A rumbun bayanai labarin a fili yake. Wani ya fara sayen ƙaramar kwalbar humra, ya biya da gaske. Bayan haka ya sake oda da tsohuwar lambar nan, ya ga ta shige. Daga nan sai manyan oda da sunaye daban-daban da layukan waya da yanzu duk a kashe suke. Kaya suka riƙa bin motar Tasawa, a can a ɗora su a kar ɗin Damagaram, wani ya karɓa a tasha ya ɓace. Hajiya kuwa sai ƙarshen wata take haɗa lissafi. Ƙarshen wata!

Na kira wanda ya yi aikin. Ya ce, "Ai yana aiki, Malam. Ni abin da aka ce in yi shi na yi." Na tambaye shi a ina ya gwada kafin ya ɗora, ya ce a kan shagon mana. Rabin kod ɗin ma ba a cikin fulogin yake ba, a functions.php na uwar rigar shafin ya zuba shi, ya san ranar da aka sabunta rigar komai zai goge. Maimakon ya gyara, sai ya gargaɗi Hajiya kada ta kuskura ta taɓa maɓallin sabuntawa. Ta bi umarni, shago ya zauna shekara da shekaru a buɗe. A watan Maris na 2023 an gano rami a WooCommerce Payments wanda ke ba baƙo damar zama adimin ba tare da kalmar sirri ba, kuma wannan fulogin ne na Automattic, masu WooCommerce ɗin kansu tun 2015. Su sun toshe nasu. To wa zai toshe na wanda ya hana Hajiya sabuntawa? Ga shi kod ɗinsa kai tsaye yake karanto oda daga teburin posts, alhali tun WooCommerce 8.2, a Oktoban 2023, sababbin shaguna a wasu teburan daban, wato HPOS, suke ajiye oda. Ko ɓarawo bai zo ba, abin nan mutuwa zai yi.

Wasu fulogin biyu da ke shagon, na kuɗin mota da na rasit, na sata ne, irin waɗanda ake fasawa a raba kyauta. A cikin jerin masu amfani na ga wani adimin da Hajiya ba ta san shi ba, wanda ya yi aikin ma bai san shi ba. Tun 2019 Wordfence ta yi dogon bayani a kan WP-VCD, ƙwayar da ke yaɗuwa ta irin waɗannan kayan sata, amma har yau ana ɗora wa mutane su a karɓi kuɗi. A cikin rumbun bayanan shagon nan akwai lambobin wayar matan aure da kwatancen gidajensu. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, tana da hukumar HAPDP, kuma in aka zo tambaya mai shago za a fara riƙewa.

Ƴan kasuwa, ku ma da naku laifin. Mutum zai biya hayar shago a bakin kasuwa bai yi ciniki ba, amma in aka zo kan abin da ke riƙe masa kuɗi sai ya nemi na jika 15. Araha ba ta ado. Kuna tura kalmar sirrin adimin a WhatsApp, kuna barin sunan shafi da masaukinsa a hannun yaro, ranar da kuka ɓata ya tafi da shagon gaba ɗaya. Ku riƙe ajiyar kwafi a wani wuri daban.

Lambar da mai saye ya rubuta ba kuɗi ba ce. Hoton allo ba kuɗi ba ne. Kuɗi shi ne abin da ka gani a asusunka da idonka. In ba ka da yarjejeniyar ɗan kasuwa da kamfanin kuɗi, wadda sabarsu za ta tabbatar wa taka an biya, da adadin, to oda ta tsaya a jiran tabbaci har sai kai ka sake ta. Haka na mayar wa Hajiya: lamba ba ta shiga sau biyu, saƙo ba ya zuwa wa yaran shago sai ta danna da hannunta.

Ku kuma masu kwaso kod ɗin da aka rubuta don naira, ku tuna akan ninka kuɗi sau 100 saboda kwabo. Sefa ba lallai a ninka ta haka ba. Kuma don Allah ku daina gwaji a kan shago mai rai. Ku daina ɗora kayan sata. Na sake faɗa, ku daina ɗora kayan sata.

In kina da shago a intanet, ko kana da shi, yau da dare ka shiga kamar mai saye, ka yi oda, ka rubuta shirme a akwatin lambar biya. In shafin ya ce an biya, ka rufe wannan hanyar kafin ka kwanta.