Nasiha ga Muridi a kan Ciwon Rabuwa da Gushewar Burin Ƙuruciya

Da sunan Allah muke farawa, kuma da Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda zukatan bayi suke hannunsa, yana juya su yadda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan 'yar takarda ce na rubuta zuwa ga 'yan'uwa muridai, maza da mata, a bisa wani ciwo wanda yake da yawa a cikin zawiya, amma kunya tana hana a tambayi malamai hukuncinsa. Shi ne ciwon wanda ya so wata aka aurar da ita ga wani, ko mutuwa ta raba shi da abokiyar zamansa, ko kuwa ya waiwaya ya ga abin da ya ƙudurta a ƙuruciya bai samu ba, ga furfura ta fito. Na kasa zancen fasali biyar. Allah shi sa ya yi amfani.

Fasali na farko: cewa baƙin cikin rabuwa ba zunubi ne ba

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah shi yi maka rahama, shaiɗan yana zuwa ga muridi mai baƙin ciki ya ce masa: da kai mutumin Allah ne da ba ka yi kuka saboda abin halitta ba. Wannan ƙarya ce. Annabi Yaƙubu, aminci ya tabbata gare shi, ya yi begen ɗansa Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma Allah ya ba da labarinsa a cikin Suratu Yusuf ba tare da zargi ba, domin ya kai kukansa ga Ubangijinsa, bai yanke ƙauna daga rahamarsa ba.

Shugabanmu, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya zauna da Nana Hadiza shekara 25 bai yi mata kishiya ba. Ta rasu shekara 3 kafin hijira, wajen shekara ta 619 ta miladiyya, a shekarar da amminsa Abu Ɗalibi ya rasu, har aka kira ta shekarar baƙin ciki. Bayan ya koma Madina bai gushe ba yana ambatonta. Idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Wata rana 'yar'uwarta Halatu ta nemi iznin shiga, da ya ji muryarta sai ya tuna sallamar Hadiza, zuciyarsa ta motsa. To idan mafificin halitta ya riƙe begen matarsa shekaru, wane ne kai da za ka ce zuciyarka dutse ce?

Kuma Imamu Buhari ya ruwaito labarin Barira da mijinta Mugisu. Ita baiwa ce, Nana A'isha ta 'yanta ta, shari'a ta ba ta zaɓi, ta zaɓi rabuwa da shi. Mugisu ya riƙa bin ta a hanyoyin Madina, hawaye yana zuba a gemunsa. Annabi ya tausaya masa, ya yi masa ceto a wurinta. Ta tambaya ko umurni ne, ya sanar da ita ceto ne kawai, ta ce ba ta da bukata gare shi. Ka duba, ya ɗan'uwa: bai tsawata wa mai kuka ba, kuma bai tilasta wadda ta ƙi ba. A cikin wannan labari akwai hukuncin mas'alarmu baki ɗaya.

Fasali na biyu: ƙofofin da zunubi yake shigowa ta cikinsu

Zafin zuciya ba a rubuta maka shi laifi, domin ba kai ka kira shi ba. Abin da ake rubutawa shi ne abin da harshe da gaɓoɓi suka aikata a bayansa. Ƙofofin guda huɗu ne.

Ta farko, fushi da hukuncin Allah, kamar ka ce an zalunce ka a cikin rabo.

Ta biyu, neman matar da ta riga ta shiga ɗakin wani, da aike, ko da wasiƙa, ko da saƙo ta waya. Hadisi ya yi tsanani a kan wanda ya ɓata mace ga mijinta, har Annabi ya barranta daga gare shi. Ko neman aure a kan neman ɗan'uwanka an hana, balle bayan an ɗaura.

Ta uku, zuwa wurin boka, ko mai sunan malami da yake aikin boka, domin a yi farraƙu ko mallaka. Allah ya ambaci sihirin da ake raba miji da mata da shi a cikin Suratul Baƙara, ya bayyana cewa mai sayensa ba shi da rabo a lahira. Wanda ya sayar da lahirarsa domin mace, ya rasa matar, ya rasa lahirar.

Ta huɗu, cin naman wadda ta bar ka, da tona asirin da ta amince maka da shi lokacin da kuna shiri. Wannan ha'inci ne, kuma yana nuna cewa kanka kake so tun farko.

Ke kuwa, ya 'yar'uwa, shari'a ta sanya miki iyaka saboda tausayi gare ki. Takabar miji wata 4 ce da kwana 10 ga wadda ba ta da ciki, makokin wanda ba miji ba kuwa ba ya wuce kwana 3. Bayan haka ki yi kwalliya, ki koma cikin mutane. Ummu Salama ta rasa Abu Salama a shekara ta 4 bayan hijira, tana ganin babu namiji kamarsa. Ta yi istirja'i, ta roƙi Allah lada da musanya, sai ya musanya mata da Annabi da kansa.

Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah. Da yawa daga wannan ciwo ku ne kuke dasa shi, da kwaɗayin dukiya da auren tilas. An ruwaito a hadisi cewa ba a ga magani ga masoya biyu kamar aure ba. Idan saurayi yana da addini da sana'a, kada ku kore shi domin wani ya fi shi kayan lefe.

Fasali na uku: asalin so da inda yake komawa

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta hijira, wato 1111, ya ƙidaya sababan so guda biyar a cikin Ihya'u Ulumiddini. Mutum yana son kansa da wanzuwarsa. Yana son wanda ya kyautata masa. Yana son mai kyautatawa ko da alherinsa bai iso gare shi ba. Yana son kyau domin kyawunsa. Kuma yana son wanda ruhinsu ya dace da juna a ɓoye. Sa'an nan ya nuna cewa waɗannan biyar ba su haɗu a kan cika ba sai ga Allah Shi kaɗai.

To ka auna wadda kake bege da wannan ma'auni. Kyawun fuskarta, wa ya zana shi? Tausayin da ta yi maka, wa ya jefa shi a zuciyarta? Dacewar da kuka yi, wa ya ƙaddara ta tun kafin a haife ku? Misalinta kamar hasken rana ne a jikin bango da la'asar. Yaro yana murna da bangon, idan inuwa ta rufe shi sai ya yi kuka. Babba kuwa ya san hasken ba na bango ba ne, aro ne, sai ya ɗaga kai ya nemi ranar.

Ma'abota wannan hanya sun ce zuciya tana tafiya tsakanin ƙunci da yalwa, kuma sau da yawa muridi yana samun a cikin daren ƙunci abin da bai samu ba a cikin yinin yalwa. Domin zuciyar da ta ƙoshi ba ta roƙo da gaske. Wanda aka raba da masoyi ya riga ya koyi abubuwa uku waɗanda wasu suke shekaru a halwa suna nema: ya san yadda ake ambaton suna ɗaya dare da rana ba gajiya, ya san yadda barci yake ƙaura saboda bege, ya san yadda duniya duka take zama ba komai ba idan abu ɗaya ya ɓace. Wannan jari ne. Abin da ya rage gare shi shi ne ya juya alƙiblarsa.

Fasali na huɗu: burin ƙuruciya da bai cika ba

Na tsufa a kan buzu, kuma na ga gardawa da yawa sun shigo tsangaya da babban ƙuduri. Wannan yana cewa sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, wancan sai ya sauke Muhtasar, wani kuwa sai ya yi zaman Madina har mutuwa. Yau ɗayansu yana awon hatsi a kasuwa, wani yana ɗinkin hula, wani iyali sun yi masa yawa allonsa yana rataye ya yi ƙura. Idan mun haɗu a wurin jana'iza sai su sunkuyar da kai, kamar masu bashi.

Ina ce musu: ku ɗaga kanku. A yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi ya ba sahabbai labarin wasu mutane da uzuri ya tsare a Madina, amma suna tarayya da mayaƙa a cikin lada a kowane kwari da aka ƙetare. Niyya ta gaskiya ba ta faɗuwa ƙasa. Kuma a shekara ta 6 Annabi ya yi mafarkin shiga Makka, aka fita da harami, aka tsare su a Hudaibiyya, suka koma ba su yi ɗawafi ba, abin ya yi wa sahabbai nauyi ƙwarai. Amma Allah ya kira wannan sulhu buɗi, kuma a shekara ta 7 suka yi umrarsu. Jinkiri daban, hani daban, kuma wani hanin ga Allah baiwa ne.

Ga misali daga ƙasarmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, ya ba da ƙuruciyarsa ga jihadi. Alarammomi da yawa suka yi shahada a Tsuntsuwa a 1804. Da ya ga abokan farko sun ƙare, waɗanda suka saura kuma son mulki da dukiya ya fara shiga cikinsu, zuciyarsa ta karye. A 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da nufin Makka. Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, ya yi musu tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya koma gida. Ya rasu a Gwandu a 1829. Tafiyar da ya yi nufi ba ta cika ba, amma littafin da ya fito daga karyewar zuciyarsa har yau ana karanta shi. Haka Nana Asma'u 'yar Shehu, da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta zuba baƙin cikinta a cikin marsiyya, kuma ba ta bar karantar da mata ba har ta cika a 1864.

Fasali na biyar: magani a kan jeri

Na farko, ka yanke hanya. Ka bar bi ta ƙofar gidansu, ka bar tambayar labarinta, ka shafe hotonta da saƙonninta. Gyambo ba ya warkewa idan ana sosa shi kowace safiya. Magabata sun ce son maso wani ƙoshin wahala ne.

Na biyu, ka riƙe wuridinka ko da zuciya ba ta halarta ba: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma, kamar yadda aka yi maka izni. Kada ka ce sai na sami natsuwa zan yi zikiri, domin natsuwa 'yar zikiri ce, ba ta rigan uwarta zuwa. Idan fuskarta ta gitta maka a tsakiyar tasbaha, kada ka tsaya yin kokawa da ita, ka wuce zuwa ƙwaya ta gaba.

Na uku, kada ka yi wazifa kai kaɗai alhali akwai jama'a, kuma kada ka bar zikirin Juma'a. Kura ba ta kama sai akuyar da ta ware.

Na huɗu, ka faɗa wa muƙaddaminka ko wani dattijo amintacce abin da yake damunka. Ku kuma muƙaddamai, kada ku yi wa yaro dariya, kada ku kai zancensa majalisa.

Na biyar, ka yi mata addu'a ita da mijinta, da suna, bayan salla. Wannan yana da ɗaci a kwanakin farko, amma ban san abin da yake kashe hassada da sauri kamarsa ba.

Na shida, ka ba jikinka haƙƙinsa. Nana A'isha takan sa a dama talbina ga waɗanda aka yi wa rasuwa, wato kunun garin sha'ir, domin ta ji daga Annabi cewa yana sanyaya zuciyar majinyaci kuma yana rage baƙin ciki. Ka ci abinci, ka yi barci, ka koma gonarka ko rumfarka. Idan kuwa abin ya kai ka daina ci da barci makonni, ko zuciyarka ta fara raya maka ka halaka kanka, to wannan cuta ce kamar zazzaɓi. Ka sanar da naka a ranar, a kai ka wurin likita. Neman magani sunna ne, ba ya warware tawakkali.

Na bakwai, ka ɗauko allonka ka wanke shi. Idan burin izu 60 ya kuɓuce maka, ka riƙe sumuni ɗaya a mako. Idan ba ka zama gwani ba, ka sa ɗanka a makaranta, ka ɗauki nauyin tawadar wani almajiri. Kuma idan Allah ya kawo wata mace ta halal, ka aure ta da zuciya ɗaya, kada ka auna ta da wadda ta wuce, domin wannan zalunci ne gare ta.

Ya Allah, kada ka bar mu da kawunanmu, ka cika zukatanmu da sonka da son Annabinka, ka sanyaya zuciyar kowane mai bege, ka musanya masa da abin da ya fi alheri, ka haɗa mu da waɗanda muka rasa a gidan da babu rabuwa a cikinsa. Wanda ya karanta wannan takarda ya sa mai rubutunta da iyayensa da malamansa a cikin addu'a. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama. Amin.