Lissafi da Kwamfuta a Kasuwar Hannun Jari

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan makon mun leƙo muku wata sana'a da ba a cika ambatonta a aji ba. A manyan bankuna da kamfanonin zuba jari na Landan da New York akwai ma'aikatan da ake kira "kwant". Aikinsu shi ne auna haɗarin asara da ƙiyasta farashi ta hanyar lissafi, sannan su rubuta wa kwamfuta umarnin da za ta bi wajen saye da sayarwa.

To, me ya sa iya lissafi kaɗai ba ya wadatar da su? Yawan aikin ne. A ce banki yana son sanin asarar da za ta iya samunsa gobe. Sai kwant ya sa kwamfuta ta gwada yadda farashi zai iya hawa ko sauka har sau dubu ɗari, ya duba sau nawa abin ya ɓaci. Wannan dabara sunanta Monte Carlo, kuma tushenta darasin yiwuwar aukuwa ne, wanda wasunmu ke gyangyaɗi in an zo kansa. Babu mai yin wannan da biro da takarda. Da harshen Python ake yawan gwada dabara a kan tsofaffin farashi. In kuwa sauri ake nema sai C++, domin akwai cinikin da ake ƙullawa kafin a cika kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Jim Simons, farfesan lissafi a Amurka, ya kafa Renaissance Technologies a 1982. Maimakon gogaggun 'yan kasuwa, masana lissafi da kimiyya ya riƙa ɗauka, har da wasu biyu daga IBM a 1993, waɗanda aikinsu a can koya wa kwamfuta gane maganar mutum ne.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne labarin kamfanin Knight Capital, shi ma a Amurka. Kamfanin ya sabunta manhajarsa a kwamfutoci 7 cikin 8, aka manta da ɗaya. Ranar 1 ga Agusta 2012 aka buɗe kasuwa, wannan ɗayar ta bi tsohon umarni, ta yi ta saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin kamar minti 45 an yi asarar kusan dala miliyan 440. Shi ya sa a wannan aiki ba a tsayawa a kan cewa manhaja ta yi aiki, sai an gwada ta, wani kuma ya sake dubawa layi-layi.

Python kyauta ne, kuma ba ya buƙatar babbar kwamfuta. Mai son gwadawa ya nemi izinin malamin kwamfuta, ya rubuta umarnin jefa kwabo sau 1,000, ya ƙirga sau nawa kowace fuska ta fito. Ku kawo mana sakamakon, za mu liƙa shi a nan mako mai zuwa.