Amsoshin Tambayoyinku: Ta yaya ake gane wasan waya ya zama ciwo?

Wani mai sauraronmu daga 'Yargoje, ƙaramar hukumar Ƙanƙara a jihar Katsina, ya ce ƙaninsa kwana yake yana wasa a waya, shin likitoci na da ma'aunin gane abin ya wuce gona da iri?

To Malam, akwai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin kwamfuta cikin kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomin uku ne: mutum ya kasa riƙe kansa, wasa ya sha gaban karatu, sana'a da barci, sannan ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani. Galibi sai an shekara a haka kafin a kira shi ciwo. Yawan awanni kaɗai bai isa hujja ba.

Ma'aunin kuwa takardar tambayoyi ce. Masana a Hangari, ƙarƙashin Zsolt Demetrovics, sun fitar da wata mai tambaya 18 a 2012. Ƙasa irin Turkiyya in za ta yi amfani da ita, fassara kawai ba ta wadatarwa. Ana juya ta zuwa Turkanci, wani daban ya mayar da ita harshen asali a gani ko ma'ana ta kauce, sai a gwada ta kan matasa masu yawa, a maimaita bayan 'yan makonni a ga ko amsar za ta tsaya. Haka ta Hausa ma za ta bi, domin yaron da ke zuwa gona da damina rayuwarsa daban da ɗalibin Istanbul.

Takardar dai tantancewa take yi, hukunci na likita ne. Ku fara da babban asibitin Ƙanƙara, za su iya tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.