Mas'alar Kashe ASLR Domin Kwamfuta Ta Ƙara Sauri

Sau uku ke nan cikin wannan shekara ana kawo mini mas'ala guda, biyu daga samarin da ke da shagunan buga takardu a Gwarzo, ta ukun kuwa daga wani ɗalibi ɗan Kabo da ya fara koyon rubuta manhaja a kan Linux, kuma dukkansu da zance ɗaya suka zo, wai an gaya musu idan aka kashe abin da ake kira ASLR kwamfuta za ta yi gudu kamar an sabunta ta. Ɗalibin har da hujjarsa, domin ya ce mini, "Malam, na auna da agogon wayata, na ga aikin ya ragu." Na tambaye shi sau nawa ya auna. Ya ce sau ɗaya.

Bayanin abin a taƙaice shi ne, kowace manhaja tana da wani sashe a ƙwaƙwalwar kwamfuta inda take jibge bayanan aikin da take kai, na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita, kamar faifan da aka jera ɗaya bisa ɗaya. A dā wannan jibgi a adireshi guda yake zama kullum, ɓarawo kuwa idan ya san ɗakin da ake ajiya ya gama rabin aikinsa. Ta hanyar ambaliyar bayanai a irin wannan jibgi tsutsar Morris ta ratsa intanet a Nuwamban 1988. Saboda haka masu aikin PaX suka fito da dabarar sauya adireshin duk lokacin da aka tada manhaja, wato ASLR, a shekarar 2001, Linux ta karɓa a 2005, Windows Vista a 2007, Android kuma a 2011.

To, ina nauyin da ake ta kuka da shi? Zaɓen adireshin sau ɗaya zuciyar babbar manhaja take yinsa, a lokacin tada aiki, bayan nan furosesa ba ruwanta da ko jibgin yana gabas ko yana yamma. Abin da yake gaskiya, wanda kuma daga gare shi shubuhar ta samo asali, shi ne furosesa tana da ƙaramar ma'ajiya a kusa da ita, mai ɗaukar bayanai gutsure-gutsure na bayit 64, kuma idan aka yi rashin sa'a adireshin jibgin ya faɗa gurbi ɗaya da na wasu bayanan da ake yawan nema, sai su dinga korar juna, aikin ya ɗan yi nawa. A tashi na gaba kuma adireshin ya sauya, nawar ta gushe. Wanda ya kashe sauyin bai kori rashin sa'ar ba, ya dai ɗaure kansa ga ƙuri'a guda, mai kyau ce ko mummuna, har abada. Abin mamaki ma, a cikin Linux an riƙa gusa farkon jibgin ne da gangan domin ayyuka biyu da ke kan furosesa ɗaya kada su yi ta korar juna daga ma'ajiyar, wato domin sauri.

A nan nake so ɗana na Kabo ya buɗe kunnensa. Malamanmu na hadisi sun bambanta labarin da mutum guda ya kawo da wanda ya zo ta hanyar tawaturi, awo ɗaya kuwa labarin mutum guda ne wanda ba a ma binciki adalarsa ba. A 2009 Todd Mytkowicz da abokan bincikensa uku sun nuna cewa tsawon bayanan muhallin da Unix ke ajiyewa a saman jibgi, wanda ko sunan mai kwamfutar yana iya sauya shi, ya isa ya gusa adireshi har ma'auni ya nuna gyaran da bai amfana ba a matsayin mai amfani. Idan masanan jami'a da kayan awonsu sun ruɗu, ina ga agogon waya da babban yatsa? A auna sau talatin da sauyin a kunne, a ɗauki tsaka-tsaki, a duba tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi nawa. Bambancin da bai wuce wannan tazara ba, ba bambanci ba ne. Wanda kuma yake farautar kuskure a manhajarsa yana da uzuri, amma ya yi amfani da umarnin setarch -R ga manhajar nan kaɗai, manhajar farautar kuskure ta GDB ma da kanta take kashe sauyin. Kada ya rubuta sifili a saitin Linux na randomize_va_space ya bar dukan na'urar a buɗe, ya bar shi a 2 yadda ya same shi.

Masu shaguna kuwa, waɗanda ke karɓar filashin kowa da kowa suna cusawa a kwamfutar da ke riƙe da takardun jarrabawar 'ya'yan mutane, su ne mafi ƙarancin haƙƙin taɓa wannan kariya, kuma ina ganin laifin masu gyaran da ke karɓar kuɗi a kan "saiti" alhali ba su ko kwance murfin ba. Kwamfutoci biyun da aka kawo mini daga Gwarzo, da na buɗe su, ƙurar hunturu ce ta toshe fanka har furosesa tana rage gudunta saboda zafi. Na sa aka share, aka sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, na kuma ce su tara kuɗi su musanya tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD a kasuwar Beirut idan sun shiga Kano.