Kwana a kan ruwa da iyali: amsar wasiƙunku

Wasiƙar farko ta wani Alhaji ce mai shagon atamfa a Adjamé Liberté, nan Abidjan. Ya ce yaransa sun ga bidiyon wasu Turawa da suka kwana a jirgin ruwa mai tafiya da iska, dolfin na ta tsalle a gefensu, tun ranar suka hana shi sakat. Har ya yi ciniki da wani masunci a Port-Bouët zai ɗauke su, shi da uwargida da yara, su kwana a teku. Yana neman shawara.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a. Shawarata ita ce ka janye wannan ciniki. Kwalekwalen masunta an sassaƙa shi ne don taru da jarkokin mai da ƙarti majiya ƙarfi. Babu rumfa, babu makewayi, babu inda Hajiya za ta kwantar da ƙaramin yaro. Tekun nan namu kuma ba shi da sassauci tun daga baki. Igiyar gaɓar Port-Bouët takan kifar da kwalekwalen waɗanda aka haifa a sana'ar. Daf da Vridi akwai wani kwazazzabo a ƙarƙashin teku da Faransawa suka sa wa suna Trou sans fond, zurfi ne na ɗaruruwan mitoci ba nisa da tudu. Ga manyan jiragen kaya da ke shiga da fita ta mashigin Vridi tun da aka buɗe shi a 1950, kuma matuƙinsu ba lallai ya hangi ƙaramin kwalekwale cikin duhu ba. Yawancinmu iyakar ruwan da muka sani tafkin damina ne da gulbi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, Alhaji.

Amma kada a karya wa yara zuciya, tunda Allah ya ajiye mu a bakin lagun. Ébrié kaɗai ta kai wajen kilomita 130 a tsawo, ruwanta kwance. Ka fara da gwaji mai araha: ranar Lahadi ku shiga jirgin bato-bis na SOTRA daga Treichville zuwa Abobo-Doumé ku dawo, ka ga wa ke jiri, wa ke amai, wa ke kuka. In sun ci wannan jarrabawa, sai ku nufi Grand-Lahou, inda kogin Bandama da lagun da teku suka haɗu, kusa da gandun dajin Azagny da aka kafa a 1981. Ko ku yi gabas zuwa Adiaké, inda ake shiga tsibirai shida na Ehotilé, waɗanda ke ƙarƙashin kariyar gwamnati tun 1974. Ka ɗauki hayar jirgin pinas mai rufi, ku yi yawo da la'asar, kafin magariba a ɗaure jirgin a bakin ƙauye da izinin mai gari, a kwana a nan. Rigar ruwa mai hana nitsewa, ka ƙirga ta da hannunka kafin ka biya ko dala, kuma ta yaro ta zama daidai jikin yaro. Gidan sauro dole ne. Lokaci kuwa tsakanin Disamba da Maris, kada ka kuskura ka je a Yuni, tsakiyar ruwan sama.

Me za su gani? Dolfin dai ba na lagun ba ne. Tsuntsaye ba iyaka, jemagu da almuru, wataƙila kada. Wanda ya fi duka kuwa shi ne ayu, dabbar nan da Sarkawa da masuntan Kwara da Binuwai suka sani tun kaka da kakanni. Yana nan a ruwan Grand-Lahou da Fresco da Aby. Babba yakan kai mita uku, ciyawar ruwa da ganyen bakin gaɓa yake ci, yawanci da dare, kuma iska yake shaƙa kamar mu, don haka bayan 'yan mintoci sai ya ɗago hanci. Yana da tsananin kunya. Sau da yawa abin da za ku samu shi ne hucin numfashinsa cikin dare da da'irar ruwa a inda ya nitse. Sai an kashe inji, an kashe rediyo (har wannan shiri namu, na yafe), yara sun yi tsit. Ka gaya musu tun daga gida cewa ana iya kwana ba a gan shi ba, don kada su ce Baba ya yaudare su.

Sai wata ɗaliba daga Treichville, tana tambaya ko gaskiya ne ƙaton kifin nan, balen, yana zuwa ruwan Côte d'Ivoire. Gaskiya ne, 'yata, sai dai ba kifi ba ne, haihuwa yake yi ya shayar. Irin mai ƙusumbi yana tasowa daga ruwan sanyi na ƙuryar kudancin duniya ya zo Tekun Gini ya haihu, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, kuma yakan kai mita 15. Kallonsa aikin rana ne, a jirgi mai ƙarfi, daga nesa, musamman in uwa tana tare da ɗanta. In kina son abin da za ki gani da ƙafarki a kan yashi, ki roƙi Baba ya kai ku Grand-Béréby, bayan San-Pédro, yankin teku na farko da ƙasar nan ta keɓe don kariya a Disambar 2020. Daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai. Ana bin masu gadin gaɓar, ba a haska tocila, ba a ɗaukar hoto da walƙiya, domin haske na rikita uwar ta koma ruwa da ƙwanta, 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe kuma ya karkatar da su daga hanyar teku.

Wani bawan Allah, bai sa suna ba, kuma na gane dalili, ya ce in an je lagun a ina ake samun man ayu na asali. Malam, ba a wannan shiri ba. Dokar ƙasar nan ta hana kashe ayu, kuma tun 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Macen tana ɗaukar ciki wajen shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tal, sannan ta daɗe kafin wani. In kuwa don uwargida kake nemansa, ka gwada kyautatawa da cefane mai kyau tukuna.

Ta ƙarshe daga wata Hajiya a Williamsville: yaya salla a cikin jirgi, kuma ruwan gishiri yana alwala? Yana yi, Hajiya, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Alƙibla daga Abidjan gabas ce, a karkata arewa kaɗan. Mai iya tsayuwa ya tsaya, wanda jiri zai kayar ya zauna, in jirgi ya juya a juya a bi alƙibla. Sauran bayani ki tuntuɓi limamin unguwarku. Wasiƙun da suka rage, ciki har da ta wani mai sayar da abincin garba da ke tambayar dalilin tsadar kifin ton a tashar masunta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.