Karatun Gida da Gajeren Yinin Kaka a Ingila

Lokacin da Turawan Ingila ke kira kakarsu yana farawa ne a watan Satumba ya ƙare a ƙarshen Nuwamba, kusan daidai da lokacin da gero da masara ke shiga rumbu a Kanya da sauran garuruwan ƙasar Zuru. Sunan ɗaya ne, halin ya bambanta. A gida kaka lokacin yalwa ne da ɗaukewar ruwa. A Ingila kuwa ganyen bishiyoyi ke yin ja ya zube, yayyafi ya ƙaru, yini ya riƙa tsukewa. A nan ne kuma shekarar karatu ke farawa, don haka a nan ne uwar da ta zo da yara take fara sanin nauyin da ke kanta.

Dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya samu cikakken ilimin da ya dace da shekarunsa da basirarsa, daga shekara 5 zuwa 16, ko a makaranta ko ta wata hanya. Wannan “wata hanya” ita ce ƙofar karatun gida. Ba a neman uwa ta nuna shaidar malanta, ba a kuma tilasta mata bin manhajar gwamnati. Idan yaro yana cikin makaranta, wasiƙa ake rubuta wa shugabanta a cire sunansa daga rajista. Makarantar masu buƙata ta musamman ce sai da yardar ƙaramar hukuma. Hukumar tana iya tambayar abin da yaron ke koyo, idan kuma ba ta gamsu ba tana da ikon ba da umarnin a mai da shi aji. Wannan tsarin Ingila ne. A Sukotland sai an nemi izini kafin a cire yaro daga makarantar gwamnati, a Faransa ana neman izini tun 2022, Jamus kuwa ba ta yarda da karatun gida ba.

Akwai wani tarko da sababbin zuwa ke faɗawa. Iyalin da suka iso bayan an fara zango sukan jira makonni kafin a samar wa yaro gurbi. Koyar da shi a gida a wannan tsakanin abu ne mai kyau, amma kada a rubuta wa hukuma cewa an zaɓi karatun gida, domin daga nan za ta ɗauka iyaye sun karɓi nauyin, ta daina neman gurbin. Makarantar gwamnati kyauta ce. Karatun gida kuwa komai daga aljihun iyaye yake fita: littattafai, kwamfuta, malamin darasi, har kuɗin jarrabawar GCSE, wadda sai an nemi cibiyar da za ta karɓi ɗalibin waje.

Abin da doka ba ta faɗa ba shi ne yawan hannuwan da aka baro a gida. A Kanya yaro na kowa ne. Akwai kakarsa, akwai gwaggo da faccalar uwarsa, akwai malamin allo a zaure, akwai maƙwabciyar da za a bar mata goyo a je kasuwa. A ɗaki biyu cikin Manchester ko Birmingham uwa ita ce malama, ita ce mai girki, ita ce mai rakiya, sau da yawa kuma maigida yana aikin dare ko ita kanta tana da aikin da take fita. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida, ko da ’yar shekara tara ce ke kula da ƙannenta, na iya jawo tuhuma idan aka ga an jefa su cikin haɗari. Shi ya sa uwaye masu karatun gida ke haɗa ƙungiyoyin unguwa, yawanci ta Facebook da WhatsApp, suna karɓa-karɓa kamar aikin gayya: wannan ta ɗauki lissafi, waccan ta kai yara iyo.

Tsarin yini hasken rana yake bi. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mai da agogo baya da awa ɗaya, sai rana ta koma faɗuwa kafin ƙarfe biyar, zuwa Disamba kuma kafin huɗu. Wanda ya saba da magariba bayan shida sai ya ga azahar da la’asar da magariba sun taru cikin ’yan awoyi. Daga ranar kuma agogon Ingila yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, abin da ya shafi duk yaron da ke karatun Alƙur’ani ta waya da malami daga gida. Mafi sauƙi shi ne a yi karatu mai nauyi, wato lissafi da Turanci, tun da safe, awa biyu zuwa uku sun wadatar ga ɗan firamare, a fita da hantsi ko bayan azahar, a bar yamma ga Islamiyya, ko ayyukan coci ga iyalan Kirista, waɗanda ba su da kaɗan a cikin mutanen Zuru. Iyo da ƙwallo da sikawut duk suna da amfani, musamman iyo, tunda makarantun firamare suna koyar da shi kuma ɗan karatun gida ba zai samu ba sai an kai shi. Sai dai abu ɗaya ko biyu ga kowane yaro ya isa. Uwar da ta cika mako da zirga-zirga ita ce ke fara kwanciya.

Fita da iyali ba sai da kuɗi mai yawa ba. Shiga manyan gidajen tarihi na Landan, irin su British Museum da Natural History Museum, kyauta ne, haka katin laburare, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara 11 ba ya biyan kuɗin bas a birnin. Gonaki da dama suna buɗe ƙofa a Oktoba a shiga a tsinki tuffa ko kabewa a biya, wanda ga ɗan manomi abin dariya ne, amma yara suna so, kuma kabewar tana yin miyar taushe. Ɗan karatun gida yana da gatan zuwa a tsakiyar mako babu cunkoso. Makon hutun tsakiyar zango a ƙarshen Oktoba ko’ina cike yake. Rigar ruwa da takalmin roba sun fi lema amfani, saboda iska.

Darare biyu suna bukatar a shirya musu. Ranar 31 ga Oktoba yara kan sa shigar dodanni suna ƙwanƙwasa ƙofa neman alewa, kamar ’yan tashe. Gidan da ba ya so sai ya kashe fitilar waje. Ranar 5 ga Nuwamba kuma ana wasan wuta don tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisar dokoki a 1605, ƙararsa kuma kamar ta bindiga take, don haka yaron da ya taɓa jin harbi a gida a sanar da shi tun da rana. Ta fuskar lafiya kuwa, daga Oktoba zuwa Maris hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 a kullum, domin ranar lokacin ba ta da ƙarfin da jiki ke bukata. Masu baƙar fata kuwa an shawarce su su sha duk shekara.