Darasi: Tsilar kare da ciwon juwa na tumaki

Darasinmu na yau a kan karen garke ne. Shi ke tsare mana bisashe daga dila da ɓarawo, amma in ba a kula da cikinsa ba, ta wurinsa cuta ke shiga garke.

Da yawanku kun taɓa ganin tunkiya ta ware daga ƴan'uwanta, ta karkata kai, tana zagaye wuri guda, ko tana karo da itace kamar makauniya. In an yanka ta aka fasa kai, sai a tarar da ƙullutu mai ruwa cikin ƙwaƙwalwa, da fararen ɗige-ɗige a jikinsa. Kowane ɗigo kan tsila ne. Akwai wasu cututtuka masu sa juwa, har da wadda kaska ke kawowa, shi ya sa ya kamata a kira ma'aikacin kiwo ya duba.

Ga yadda abin ke zagayawa. Tsilar tana zaune cikin hanjin kare, ƙwayayenta suna fita tare da kashinsa, su zuba kan ciyawa da bakin tabki. Tunkiya ta ci, tsutsar ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa, bayan watanni alamomi su bayyana. Ranar yanka sai mu jefa wa kare kan, ya ci, cikin mako 6 ko 7 ya fara zubar da sababbin ƙwayaye.

Akwai kuma wata ƙaramar tsila da tsawonta bai wuce milimita 7 ba. Ita ke sa ƙullutun ruwa a hanta da huhu. Wannan tana kama mutum, musamman yaro mai wasa da kare ya ci tuwo bai wanke hannu ba. Ƙullutun yakan yi shekaru yana girma shiru, sau da yawa sai an kai ga aikin tiyata.

Me za mu yi?

1. Kada a ba kare ɗanyen kai, hanta ko huhu mai ƙullutu. A ƙone su, ko a rufe cikin rami mai zurfi. A kiyaye wannan sosai ranar layya, suna da biki.
2. Mushe ma a rufe shi, kada a bar wa karnuka a daji.
3. A ba kare maganin praziquantel aƙalla sau 4 a shekara, miligiram 5 ga kowane kilo. Ƙwaya mai miligiram 50 ta ishi kare mai kilo 10.
4. Bayan magani a ɗaure kare kwana 2 zuwa 3, a kwashe kashinsa a rufe, domin maganin ba ya kashe ƙwayayen.
5. Allurar ivermectin ta tumaki ba ta kashe tsila, kuma in ta yi yawa tana iya hallaka kare.
6. A hana karnuka shiga mahauta da wurin shayar da bisashe a rijiya.

Ga ƙungiyoyi, shawarata ita ce a tsayar da rana guda a ba duk karnukan rugga da gari magani tare, kamar yadda ake yin rigakafi. Kare guda da aka tsallake ya isa ya sake ɓata makiyaya. Tunkiyar da ciwon ya kai wa ƙwaƙwalwa da wuya ta tashi, kuma kuɗin maganin kare na shekara bai kai kuɗinta ba.

Allah ya ba mu lafiya, mu da dukiyarmu.